Rigar da Na Jefa Kan Ƙanƙara

A shekarata ta uku a garin Greensboro na Amurka, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ni ne mai hayaniyar gidanmu. Gidan katako ne a unguwar Glenwood, ɗaki huɗu, kicin ɗaya, matakalar bene tana kuka in ka taka ta. Idan ka ji dariya tun daga bakin titi, to tawa ce. Ni nake sa wa kowa suna, ni nake ɗauko sabuwar kalma a kafteriya in murɗe ta ta zama tamu. Komai a wurina ya haɗu, kowa mutumina ne. A shagon wanki na unguwar akwai injin wasan nan mai ƙwallon ƙarfe, babu wanda ya taɓa kamo ni a kansa, yatsuna kamar na mai kiɗan kalangu.

Amma gaskiyar magana, a shekarar nan ba na jin komai. Ba ciwo nake ba, ba kuma wani aka yi mini rasuwarsa ba. Wasiƙa takan zo daga gida, in karanta, in ninke, in tura ƙarƙashin katifa kamar ta wani ce ya ba ni ajiya. In ci jarrabawa in fito baranda in kurma ihu, amma ihun iyakarsa maƙogwaro. Ka san yadda ƙafa take yi in ka daɗe zaune a kanta? To haka, sai dai duk jiki. Ban gaya wa kowa ba, don ban san me zan ce ba.

Mu biyu ne Hausawa a gidan, ni da wani mutumin Maraɗi mai karatun aikin gona, mutum mai sanyi, in ka yi masa tambaya sai ya gama tauna abin da ke bakinsa kafin ya amsa. Da sanyi ya fara shigowa sai wani Bature ya kama ɗakin ƙasa na kusa da kicin. Dogo ne, hancinsa a karkace, haƙoransa biyu na gaba na cirewa ne, yakan ajiye su cikin kofi a kan taga. Daga Kanada ya zo, ɓangaren masu Faransanci, kuma Turancinsa sai a hankali. Ranar da ya ji mutumin Maraɗi ya zagi tukunya da Faransanci, saura kaɗan ya rungume shi. Tun daga nan mutumin Maraɗi ya zama tafintanmu. A bakinsa na ji cewa baƙon ɗan wasan hoki ne a ƙungiyar garin, wata ƙaramar ƙungiya da 'yan wasanta ke haya ɗaki ɗai-ɗai irin namu. Lambar rigarsa goma sha bakwai, don haka na sa masa Sha-Bakwai, sunan kuma ya bi shi.

Shi ya ba mu tikiti na farko, wasan Lahadi da yamma. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ta wuce ta cikin kofi ba, sai ga fili guda fari fat, ƙarti sun ɗaura wuƙaƙe a ƙasan takalmi suna sulu a kai, kowa da sandarsa mai lanƙwasa. Ƙwallon tasu ma ba ƙwallo ba ce, wani ɗan baƙin faifan roba ne kamar murfin gwangwani, rabin lokaci ba ka ma ganin inda yake. Na zauna can sama wurin masu arha, hannuwana a hammata, ina ta surutu kamar yadda na saba, ina ce wa mutumin Maraɗi waɗannan mutanen ba su da aikin yi.

Sai Sha-Bakwai ya ci.

Da jar fitila ta kama a bayan raga, sai ya zube kan gwiwa ɗaya ya sulale tun daga gaban gola har tsakiyar fili. Ya miƙe, ya wulwula sandar a saman kansa sau uku, ya mayar da ita ƙugunsa a hankali kamar mai sa takobi cikin kube. Sannan ya kara hannu a kunne yana kallon mu na sama, wai bai ji ba, a ƙara.

Wani abu ya motsa mini a ƙirji. Ba babba ba, kamar dai ɗan tsuntsu ya juya cikin kwando. Amma wata nawa rabona da ko wannan. Abin da na gani a filin nan na san shi tun ina ƙarami, lokacin da kawuna yake ɗaukata a kafaɗa zuwa dambe bayan an gama girbi: ɗan dambe ya kayar da abokin karawarsa, ya zagaya fili da dunƙulen hannu a sama, ƙasa tana amsawa. Tun daga ranar ban sake fashin wasan gida ba. Minti ɗaya ko biyu nake zuwa nema, na bayan cin nan. Sauran lokacin ina zaune ne kawai ina jin sanyi.

Ba kowa abin ya burge ba. Akwai wani mai rubutun wasanni a jaridar garin da ya sa shi gaba, kusan duk mako sai ya taɓa shi. Wai hoki wasan masu kunya ne, in ka ci sai ka dafa kan abokan wasanka ka koma benci, ba ka tsaya kana rawa ba. Masu kujerun gaba, irin mutanen Irving Park, unguwar masu kuɗi, da suke zuwa da kwat da matansu, su ma suka riƙa aika wasiƙu jaridar tana bugawa, wannan ya ce yanga ce, wancan ya ce raini ne ga abokan karawa. Mu na sama kuwa, ɗalibai da ma'aikatan masaƙa, namu ne ɗari bisa ɗari. Wasu suka fara yanko takubba na kwali suna zuwa da su. Ni da mutumin Maraɗi muka sadaukar da zanin gado muka rubuta lambarsa da fenti, muka rataye. Har wasiƙa na rubuta wa jaridar, shafi uku, na zuba musu duk manyan kalmomin da na sani. Ba su buga ba.

Abin da ban so in duba ba a lokacin shi ne, masu sukar suna da 'yar gaskiyarsu. Duk sanda ya yi abin nan, 'yan ɗaya ƙungiyar sai su ƙullace, kuma ba lallai a kansa suke hucewa ba. A wani wasa a wani gari, bayan ya mayar da takobinsa kube, aka bi wani abokin wasansa aka maka shi da bango har muƙamuƙinsa ya karye. Mutumin ya yi makonni yana shan abinci da tsinke.

Bayan wannan ne ya shigo kicin wata ranar Alhamis, mutumin Maraɗi yana tuƙa mana tuwon garin alkama irin na kwali, wanda muka mayar tuwo don dole. Ya ja kujera ya zauna, bai cire jaket ba. Ya yi magana mai tsawo da Faransanci, mutumin Maraɗi yana tuƙi yana juya mini kaɗan-kaɗan. Koci ya kira shi ofis. Ya ce masa in ya sake yin wani wasan kwaikwayo bayan cin ƙwallo, ko sau ɗaya, to ya kwashe kayansa. Shekararsa ashirin da tara, gwiwarsa ta hagu an taɓa yanka ta, kuma ƙasa da wannan ƙungiyar babu wata da ake biyan mutum. Daga nan sai gida, gida kuwa masana'antar takarda ce, inda babansa ya yi aiki har kunnensa ya mutu, inda yayyensa biyu suke yanzu. Ya ce tun yana ɗan shekara goma yake gudun ƙofar masana'antar nan.

Na ce to yanzu ya zai yi. Wannan da kansa ya amsa mini, da guntun Turancinsa.

"Na daina. In ci, in sunkuyar da kai, in koma benci. Shi ke nan."

Ya ci tuwon tare da mu, ya ce ya yi daɗi, ko da yake na san ƙarya yake.

Da ya shiga ɗakinsa na ja mutumin Maraɗi sama na zaunar da shi a bakin gadona. Dabara ta zo mini, kuma a ganina ba a taɓa yin irinta ba. Na ce masa ai Turawan nan ba su gane ba ne, kuma shi kansa Sha-Bakwai bai gane ba. A wurinmu babban mutum ba sai ya yabi kansa ba, akwai masu yi masa. Gwani ya yi aikinsa ya yi shiru, makaɗa da maroƙa su ɗauka daga nan. Koci ya hana shi, to ai bai hana mu ba. Shi ya sunkuyar da kansa yadda aka ce, mu kuma mu yi masa abin da ake yi wa gwani: kiɗa, kirari, da kyauta. Na ba shi labarin ranar da kawuna ya tuɓe babbar rigarsa a filin dambe ya jefa wa wani ɗan damben arewa, ya dawo gida daga shi sai 'yar shara, matarsa ta yi kwana biyu ba ta kula shi.

Mutumin Maraɗi ya gama saurarona. Can ya ce, "Mu tambaye shi mana tukuna."

"Haba mutumina, yaushe aka fara neman izinin mutum kafin a yi masa kirari?"

Ya ce bon, wato "to" a Faransancinsa, ni na sani. Ni kuwa na buɗe akwati na ciro rigar Sallata, shadda ruwan sararin sama, aikin hannu tun daga wuya har ciki. Sau biyu na taɓa sa ta a ƙasar nan. Na shinfiɗa ta a gado ina kallo, ina jira in ji ko zan ji zafin rabuwa da ita. Ban ji ba. Na ɗauka wannan alama ce mai kyau.

Ranar Lahadi na sa ta a kan suwaita biyu, mutumin Maraɗi ya ɗauko bokitin wanke-wanke da muciya. Mai karɓar tikiti ya kalli bokitin, ya kalle ni, ya ce mu wuce. Ba mu hau sama ba wannan karon, muka sami wasu kujeru da babu kowa kusa da fili, a gefen da gilashin da ya kewaye filin bai kai tsayin mutum ba.

Sai a kashi na uku, na ƙarshen wasan, ya ci. Ana ɗaya da ɗaya, ya zare ta tsakanin mutum biyu, ya ɗaga faifan ta saman kafaɗar gola. Fitila ta kama. Kuma wallahi ya cika alkawari. Bai durƙusa ba, bai ɗaga sanda ba. Ya dafa kan wanda ya ba shi, ya sunkuyar da kai ya nufi benci. Mutanen sama da suka miƙe da takubban kwalinsu suka tsaya cirko-cirko, ihun ya fara sannan ya lafa, kamar an buɗe famfo an rufe.

Cikin wannan lafawar mutumin Maraɗi ya sa wa bokiti muciya. Ni kuma na hau kan kujera na buɗe murya. Na kwana biyu ina shirya kirarin. Na kira shi mai tafiya kan wuƙa bai yanke ba, guguwar da ba ta tayar da ƙura, baƙon da ya shiga gidan gola ba sallama ya fito da tukunya. Na ce ruwa ma da ya gan shi sandarewa ya yi. Babu wanda ya san me nake faɗi a duk ginin in ban da mai bokitin, amma kowa ya juyo. Sannan na tuɓe rigar, na dunƙule ta, na wurga ta saman gilashi da duk ƙarfina.

A iska ta buɗe. Ban yi tunanin wannan ba. Babbar riga in ta buɗe ai ta kai rabin ɗaki. Ta sauka a hankali ta baje kan ƙanƙara, shuɗi a kan fari, daidai inda za a sa faifai a ci gaba da wasa.

Wani daga cikin 'yan ɗaya ƙungiyar ya zo ya sa bakin sanda ya ɗago ta, yana nuna wa abokansa, yana shirin taka gefenta da takalmin nan mai wuƙa. Sha-Bakwai ya riga ya kai bakin benci, ƙafarsa ɗaya a ciki. Na ga ya waiwayo. Ya san rigar, ya taɓa ganina da ita ranar Sallah har ya shafa aikin wuyan ya tambayi wata nawa aka yi ana ɗinki. Ya dawo, ya fizge ta daga sandar mutumin. Hannunsa ɗaya da sanda, duka biyun cikin manyan safar nan tasu, don haka ya yi abin da kowa zai yi, ya saɓa ta a kafaɗa. Ya nufo mu don ya miƙo mini kayata.

Daga tsakiyar fili zuwa inda muke ba nisa. Amma mutum a kan ƙanƙara da gudu yake tafiya ko bai so ba, rigar kuwa ta kama iska ta tashi a bayansa kamar tuta. Ginin ya ɗauka gaba ɗaya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, 'yan sama suna dukan kujeru, takubban kwali suna ta yawo. Kowa ya ɗauka shiri ne, sabon salo ne ya fito da shi, wanda ya fi na da. Ya iso, ya turo mini ita ta saman gilashi, a jiƙe, da sanyi. Ya ce wani abu, ban ji ba saboda ihu. Idonsa ba a kaina yake ba, yana kan benci.

Alƙalin wasa ya ba shi minti biyu a waje don ɓata lokaci. Ba a ci su ba a cikin minti biyun. Su suka yi nasara ma, biyu da ɗaya, da ƙwallonsa. Koci bai sake sa shi ba har aka tashi. Ni kuwa ina tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, Turawa suna bubbuga mini baya, wani ya ce in zo da ita kowane mako. Ina ta dariya ina ba su hannu. Ɗan tsuntsun nan na ƙirjina bai ko motsa ba.

Litinin hoton ya fito a shafin wasanni, babba, shi da rigar tana tashi a bayansa, bakinsa a buɗe ba haƙoran gaba, kamar yana dariya. Ba dariya yake ba, numfashi yake. Mai rubutun nan ya ce an gargaɗe shi ya mayar da gargaɗin abin wasa, har da haɗa baki da 'yan kallo. Talata da tsakar rana, ina cin burodi a kicin, Sha-Bakwai ya shigo da babbar jakar kayan wasansa da sanduna uku ɗaure da tef. Ba ya dawowa da su gida, a filin suke kwana. Ya jingina su da bango, ya ce mini sannu, ya shiga ɗaki ya rufe.

Na ƙarasa burodin. Na wanke kofin. Ina da lacca ƙarfe biyu, na je, na zauna a gaba, har tambaya na yi.

Mutumin Maraɗi ne ya ce ba za a zauna haka ba, a je a ba da haƙuri. Kuma ba mu za mu je mu kaɗai ba, yara ba sa zuwa ban haƙuri, sai da babba. Babbanmu a garin wani Alhaji ne da ya yi shekaru yana shugaban makarantar sakandare a gida kafin ya zo yin digirin digirgir, shi ke ja mana sallar Juma'a a falonsa, shi ke da mota. Muka same shi muka karanta masa komai. Ya saurara yana jan carbi, ya tambaye ni sau biyu ko da gaske rigar shadda na jefa, da na ce e ya ce Allah ya shirye ni. Ya ce ba ofis za a je ba, ofis wurin takarda ne. Magana irin wannan gida ake bin mutum da ita. Mu duka muka ga haka ne. Babu wanda ya kawo maganar a buga waya tukuna.

Laraba da la'asar muka kama hanyar Pleasant Garden, can bayan gari inda kocin yake zaune, Alhaji cikin farar babbar riga da hula, ni a baya da adireshin da muka samo a littafin waya. Gidaje can nesa da juna, kowanne da filinsa, ba mutum ko ɗaya a ƙafa. Muka tarar da kocin a gefen gidansa yana faskaren itace. Gajere ne, mai furfura, a fili ya fi kama da mai gyaran famfo. Ya ga mota ta shigo masa, baƙaƙe uku sun fito, ɗaya cikin riga har ƙasa. Bai ajiye gatarin ba sai da ya gane ni.

Alhaji ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Kocin yana amsawa da kalma ɗai-ɗai, yana jiran a zo wurin. Bai ce mu shiga ba. Sannan Alhaji ya yi bayani da Turancinsa na shugaban makaranta, a tsanake. Ya ce yaron nan namu ne, laifin nasa ne, don haka namu ne. Ya ce abin da ya yi a wurinmu girmamawa ce, kuma ɗan wasan bai san da shirin ba ko kaɗan. Ya ce mun zo ne a matsayin masu roƙo, ba masu jayayya ba. Ya juyo ya ce mini da Hausa, "Durƙusa mana, kana tsaye kamar soja."

Na durƙusa a kan tsakuwa. Ina jin duwatsun suna shiga gwiwata ta cikin wando, ina kallon takalmin kocin, igiyar ɗaya ja ce ɗaya baƙa. Abin da na riƙa tunani ke nan, ko ina ya samo jar.

Kocin ya ja da baya, fuskarsa ta yi ja. Ya ce don Allah a ce mini in tashi, matarsa tana kallo ta taga. Da na tashi ya goge hannunsa a wando ya ce:

"Na san ba shi ya jefa ba. Ina wurin. Amma da ya bar ta a ƙasa."

Alhaji ya ce ai mutumin kirki ba ya ganin ana taka kayan maƙwabcinsa ya wuce. Kocin ya ce wataƙila haka ne, amma shi yana da mutum goma sha takwas da ya gaya wa magana a gabansu, in ya janye yau gobe ba mai jin sa. Kuma ya riga ya kira wani da zai maye gurbinsa, yana hanya, Juma'a zai iso. Alhaji ya ce a wurinmu in dattijo ya tako har ƙofar gidanka ba a mayar da shi hannu rabbana. Kocin ya ce ya yi baƙin cikin doguwar tafiyar da muka yi. Ya tsaya har muka shiga mota, sannan ya ɗauki gatarinsa.

A hanya Alhaji ya yi mini faɗa har muka shigo gari, ya ce karatu aka turo ni ba roƙo ba, ya ce da ubana ya san ina hawa kujera ina kirari ga Bature da ya sa an dawo da ni. Ina cewa haka ne Alhaji, a yi haƙuri Alhaji. Da muka tsaya a danja sai ya tambayi mutumin Maraɗi a hankali ko dai ƙwallon ta yi kyau. Ya ce masa ta yi. Alhaji ya ce to.

Sha-Bakwai bai san mun je ba sai da muka dawo. Muka same shi yana naɗe kwanukansa cikin jarida. Mutumin Maraɗi ya ba shi labari da Faransanci, da ya zo wurin durƙuson sai ya kalle ni, ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce da ya so ya ga fuskar kocin. Ni kuma na ba shi haƙuri. Na faɗi duk abin da ake faɗi, na ce ni na jawo, na ce ban san yadda zan yi ba. Ina magana ina jin muryata kamar daga rediyon maƙwabta. Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da kwano, wataƙila da wani abu ya fashe. Bai yi ba. Ya ci gaba da naɗi.

Can ya tambaye ni, ba ta bakin tafinta ba, "Kai a ganinka da na bar ta?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce shi ma.

Alhamis da safe muka taya shi loda tsohuwar motarsa. Kayan ba yawa, jaka biyu, kwalin kwanuka, sandunan muka zura ta tagar baya. Ya ce tafiyar kwana biyu ce in motar ta yarda, kuma yayansa ya yi masa magana da wani a masana'antar, Litinin zai fara. Ya faɗe shi kamar mai faɗin lokacin bas. Ya rungumi mutumin Maraɗi suka yi ta Faransancinsu, ni ya ba ni hannu, ya ce in yi karatu. Na ce masa sai mun zo Kanada, mutumina, ka tanadar mana ƙanƙara. Ya ɗaga hannu ta taga, ya karya kwana, shi ke nan. Bai rubuto ba, mu ma ba mu da adireshinsa.

Muna tsaye a bakin titi sai ga mai gidan, wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a layin baya, ta zo da tsintsiya da makulli. Ta leƙa ɗakin ta ce ya bar shi fes, ba kamar wasu ba. Ta ce katifar ta lotsa, mu taimaka mu fitar mata da ita bakin titi masu shara su ɗauka. Muka kama, ni gaba mutumin Maraɗi baya, muka fitar. Ta tambaye ni ko na san wani ɗalibi mai neman ɗaki, mai natsuwa.

Na ce zan tambaya a makaranta.